Muryar da Siddiƙa Ta Gaskata

Malesiya,
Janairu.

Zuwa ga Yaya Ummuhani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da Malam Jafaru da yara. Yaya ƙafar kakarki Inna Atika? An ce min ta daina fita ko ƙofar gida. Ki ce mata jikan ƙanenta yana gaishe ta, kuma har yanzu bai yafe ƙarin dambun da ta hana shi ba. Ni lafiya ƙalau, sai ruwan sama da ba ya gajiya a ƙasar nan.

Na san za ki ce Uzairu ba ya rubutu sai da buƙata. Gaskiyarki, yau ma da ita na zo.

Aikin digirina a nan wata 'yar na'ura ce, girmanta kamar ƙaramar waya, tana da maɓallai da abin sawa a kunne. Ɗalibi makaho zai danna, ta karanto masa darasin lissafi da Hausa, ya maimaita iya son ransa. Kin san yadda ake yi a yawancin makarantunmu: in lokacin lissafi ya yi sai a ce wa makafi su huta, don malami a allo yake aiki, su kuma allo ba ya gaya musu komai. Akwai wata sakandare nan wurinku Tudun Wada mai sashen makafi. Malamin lissafinsu, Malam Kailani, tare muka yi karatu, kuma ya yarda a gwada a wurinsu. Na'urorin ma suna hannunsa. Murya ce kaɗai ta rage.

Na gwada muryar kwamfuta, Hausarta kamar ta wanda ya cika baki da gyaɗa. Sai na tuna da ke. Wa bai san muryar da ke karanta sanarwar ɗaurin aure da ta suna a rediyo ba? Mahaifiyata kan ce ko rasuwa kika sanar sai mutum ya ji zuciyarsa ta yi sanyi. Irin muryar da nake so yaran nan su riƙa ji ke nan, ba ta ƙarfe ba.

Zan turo miki darussan a rubuce. Ba wani aiki ba ne, karantawa kawai za ki yi yadda kika saba, a ɗauka, a bai wa Kailani. Ki nemi izinin Malam Jafaru, in ya amince ki sanar da ni.

Ɗan'uwanki,
Uzairu Zulkiflu.

Tudun Wada, Zariya,
Maris.

Zuwa ga Uzairu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, da fatan kai ma haka. Inna ta ji sauƙi, har ta ce in gaya maka in ka dawo da digirin ka zo ka gwada ƙwace dambun da shi. Malam Jafaru yana gaishe ka, shi ma ya ce aikin lada ne, in yi.

Ka yi haƙuri ban amsa da wuri ba, na so sai na gama tukuna. Kai da ka san ni, ka rasa wadda za ka ɗora wa lissafi sai ni? Tun da na bar sakandare ban ƙara haɗa ido da shi ba sai na awon shinkafa. Amma tun da ka ce karantawa ce kawai, na karanta. Duk Asabar in na gama shirina sai in tsaya a ɗakin ɗaukar murya in yi darasi biyu ko uku. Takardunka cike suke da ƙananan alamomi, na bi su yadda suka fi daɗi a harshe. Mai ɗaukar muryar ya ce ko sau ɗaya ban yi tuntuɓe ba.

Ranar Laraba Malam Kailani ya gayyace ni makarantar, wai yaran sun matsa sai sun gaisa da mai muryar. Uzairu, da ka ga ajin nan! Ina yin sallama suka ɗauki shewa tun kafin a faɗi sunana. Wani ya kwaikwayi yadda nake cewa “mu je darasi na gaba” har shugabar makarantar ta yi dariya. A da, in ji su, lokacin lissafi a ƙarƙashin darbejiya suke zama suna jin ihun sauran ajin daga nesa. Yanzu kowa da abinsa a kunne, yana motsa baki.

Akwai wata a cikinsu, Siddiƙa Salmanu, 'yar Tudun Jukun, tana aji biyu na ƙaramar sakandare. Siririya ce, ba ta da yawan magana, amma Malam Kailani ya ce a lissafi da ka babu mai kamo ta ko cikin masu gani. Ta riƙe hannuna ta ce da muryata take wanke-wanke, da ita take ninke kaya, har ƙannenta sun haddace darussan. Ta yi min wata tambaya a kan darasi, na amsa mata. Malam Kailani ya sa sunanta a gasar lissafi ta makarantu da za a yi bayan hutu. Ya ce ba a taɓa shigar da makauniya ba.

To ga shi na yi maka aikinka. Turaren da ka yi wa Inna alkawari tun bara, kada ka dawo babu shi.

Yayarka,
Ummuhani.

Tudun Wada, Zariya,
Mayu.

Zuwa ga Uzairu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Tun takardar da na aiko maka ban ji daga gare ka ba, na san hidimar karatu ce. Mu nan lafiya, alhamdu lillahi. Zafi ne dai ya sa Inna a gaba.

An yi gasar ranar Asabar. Na san Malam Kailani zai faɗa maka, amma gara ka ji daga wurina, don ina wurin.

Zauren ya cika, har a tagogi mutane suke. An zaunar da ni a layin gaba kusa da shugabar makarantar, mai gabatarwa ya ambaci sunana aka tafa. Da aka jawo hannun Siddiƙa zuwa kan dandamali sai na ji ana ƙus-ƙus. Amma da aka fara, bakin kowa ya mutu. Kafin tambaya ta gama fita daga bakin alƙali, Siddiƙa ta danna ƙararrawa. Sauran yaran suna ta zane a takarda, ita hannunta a kan cinya. Mahaifinta Malam Salmanu, wanda ya rufe shagon ɗinkinsa ya zo, yana tsaye a bayan zaure, ya kasa zama.

Aka zo zagayen ƙarshe, saura ita da wani yaro. Alƙali ya ce: fili ne, tsawonsa mita goma, faɗinsa mita shida, nawa ne kewayensa? Ta riga shi dannawa. Sai ta yi jim, abin da ba ta yi ba tun da aka fara. Na ga laɓɓanta suna motsi. Ta ce, “Ashirin da shida.”

Alƙali ya ce ba haka ba ne. Yaron ya ce talatin da biyu, aka ba shi.

Ba a yi mata dariya ba, Uzairu. Da dariya aka yi da ya fi sauƙi. Wata mata a bayana ta ce, “Allah sarki, ai ta ma yi ƙoƙari. Ina makauniya ina auna fili?” Mai gabatarwa ya ce a tafa mata, wai ta nuna cewa nakasa ba kasawa ba ce, amma kowane abu da iyakarsa. Aka tafa mata irin tafin da ake yi wa yaro in ya faɗi bai yi kuka ba. Tana tsaye tana jin duk wannan.

Jiya shugabar makarantar ta sa an tattara na'urorin an kulle a ofishinta. Ta ce tun farko ta ji tsoron a ɗora wa yaran abin da ya fi ƙarfinsu, a kai su gaban jama'a su ji kunya. Ta ce su koma yadda suke har a yi taron iyaye. Siddiƙa kuma ba ta dawo makaranta ba tun ranar.

Ban je na gaishe ta ba bayan an tashi. Ta ƙofar baya na fita. Ban san me zan ƙara ce maka ba.

Ummuhani.

Malesiya,
Mayu.

Yaya Ummuhani,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, da fatan kuna lafiya. A gaishe da Inna da Malam Jafaru.

Na ga takardarki, kuma Kailani ya kira ni. Na koma na saurari darasin kewaye, na gano daga ina ashirin da shidan nan ta fito. Ba daga yarinyar ba ne. Wanda ya kamata ya lura bai lura ba, saboda hankalinsa yana kan a yabe shi, ba kan yaran ba. Ban san da wane ido zai dubi mutane ba.

Na ce wa Kailani ya karɓo na'urorin ya goge muryar daga cikinsu gaba ɗaya, kada wani yaro ya ƙara jin ta haka. Yanzu ba zan iya dogon rubutu ba.

Uzairu.

Tudun Wada, Zariya,
Yuni.

Zuwa ga Uzairu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Inna tana amsa gaisuwarka.

Na karanta takardarka har na kusa haddace ta. Na gode da ka rubuta “shi” a inda ya kamata ka rubuta “ita”. Na san ka yi haka ne don ni yayarka ce, ba ka so ka kira sunana. Amma na gane. Kuma ka yi daidai da ka sa a goge muryar. Abin da ka gano ma rabi ne, bari in cika maka sauran.

A takardarka ka rubuta biyu, sai alamar nan mai lanƙwasa da ake kira baka, sai tsawo a tara da faɗi, sai wani bakan ya rufe. Na ga bakan nan biyu. Ban san aikinsu ba. Na ɗauka irin waɗanda muke gani a takardar sanarwa ne, da ake sa ƙarin bayani a ciki, mai karatu ya wuce abinsa. Ya zo min a rai in tambaye ka, sai na tuna ka ce ba wani aiki ba ne, na ji nauyin ƙanena ya ga ban san abin da ɗan aji biyu ya sani ba. Sai na karanta: “Biyu sau tsawo,” na ja numfashi a nan don ya fi daɗin ji, “a tara da faɗi.” Malam Kailani ya yi min bayani yanzu. Bakan suna nufin a fara haɗa tsawo da faɗi tukuna, sannan a ninka duka biyun. Numfashin da na ja shi ya raba su.

Wannan kuskure ne, kuma da a nan ya tsaya da na iya ɗaga kai. Ka tuna na ce maka Siddiƙa ta yi min tambaya na amsa? Ga tambayar. Malam Kailani ya fita amsa kira, shugabar makarantar tana tsaye kusa da ni, yaran sun kewaye ni. Siddiƙa ta ce, “Malama, darasin kewaye bai zauna min ba. Ni in na zagaye ɗakinmu da hannu, bango huɗu nake taɓawa, dogaye biyu, gajeru biyu. Amma ke kin ce tsawo ne kawai ake ninkawa. Ina ɗaya gajeren ya tafi?”

Uzairu, ban ma fahimci tambayar sosai ba. Abin da na sani kawai shi ne an kira ni Malama, an gama yabon muryata, kowa ya yi shiru yana jiran abin da zan ce. Sai na sa muryar rediyo na ce, “Yadda na karanta haka yake, 'yata. Masana ne suka rubuta. Ki riƙe shi haka.”

Ta ce, “To, Malama.”

Yarinyar nan da gaskiyarta a hannu ta zo wurina, na karɓe na ba ta ƙarya. Jim ɗin nan da ta yi a kan dandamali, na san abin da take yi. Tana zaɓa ne tsakanin hannunta da muryata. Kuma da matar nan ta ce ina makauniya ina auna fili, ina jin ta, na fara zargin daga ina abin ya fito, ban juya ba.

Malam Jafaru kaɗai na gaya wa. Bai yi min faɗa ba, ya dai ce, “To yanzu yarinyar fa?” Ko hanyar Tudun Jukun na daina bi, sai in zagaya ta Hanwa in zan je aiki. In na zauna gaban makirfo sai in ji muryata kamar ta wata mata da ban yarda da ita ba.

Ban rubuto don ka lallashe ni ba. Ka nemi wata ta karanta maka, wadda ta san abin da take faɗa. In ka ga ba za ka amsa ba, na fahimta.

Ummuhani.

Malesiya,
Agusta.

Zuwa ga Yaya Ummuhani,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina fatan kuna lafiya, ke da Malam Jafaru da yara da Inna. Na ɗan yi zazzaɓi amma na warke. Kada ki ɗora shirun da na yi a kansa, ba shi ne dalili ba. Na fara wannan takarda ba sau ɗaya ba ina yagawa.

Yaya, wallahi ba da ke nake ba. “Shi” ɗin da na rubuta ni ne. Da na ga yadda kika karanta maganata sai da na rasa inda zan sa kaina, ga shi na ƙara miki ciwo a kan wanda kike ciki, sannan na bar ki da shi wata biyu.

Kin ce min ba ki san lissafi ba, na ɗauka wasan da muka saba ne. Ni na turo miki takardar da aka rubuta don ido, na ce ki mayar da ita ta kunne, ban gaya miki yadda ake furta ko alama ɗaya ba. Da muryar ta iso na saurare ta daga farko har ƙarshe, amma da takardar a gabana. Kunnena ya ji abin da kika faɗa, idona ya cika sauran, na ce komai daidai. Ban rufe ido ba ko na darasi ɗaya. Ban nemi makaho ko ɗaya ya saurara kafin a raba ba. Sashen da zai riƙa yi wa ɗalibi tambaya ya gaya masa in ya kuskure, wanda da shi ne zai tona wannan tun a makon farko, ban gama shi ba. Na ce a raba haka nan saboda ina so in sami abin nunawa a wani taro.

Kin san inda nake a makon da aka yi gasar? Ina wurin taron. Na kunna musu muryarki, na nuna hoton ajin, na ce yara makafi a garinmu sun fara lissafi. Aka tafa min, har wani farfesa ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Shi ya sa ban amsa takardarki ta Maris ba, ina ta shirin wannan. Na dawo ɗaki da takardar yabo na tarar da labarin Siddiƙa.

Na sa a goge muryar ne don na sake sauraron sauran darussan ido a rufe, na sami irin wannan wuri da yawa. Duk inda na sa baka ko layin rabawa, kunne zai iya ɗaukarsa ta hanya biyu. Ko wa ya karanta haka zai fito.

Maganar tambayar da ta yi miki, ba zan ce miki ba komai ba ne, don kin ce kada in lallashe ki, kuma ba za ki yarda ba. Wannan tsakaninki da ita ne. Ni ma na gaya wa malamin da ke duba aikina gaskiya, ya ce a cire sakamakon, a sake daga farko, digirin zai ƙara shekara. Na rubuta wa shugabar makarantar bayani, amma Kailani ya ce ta ajiye takardar, ta ce ɗan nesa yana kare na'urarsa ne. Taron iyaye yana tafe in an dawo daga hutu. Ni ina nan, ba ni da ƙafar zuwa. Ba na ce ki je ba, Yaya. Ina dai gaya miki yadda ake ciki.

Ki yafe min.

Ƙanenki,
Uzairu.

Tudun Wada, Zariya,
Oktoba.

Zuwa ga Uzairu,

Assalamu alaikum. Ya jiki? Allah Ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya, ruwa ya ɗauke, Inna har ta taka zuwa gidan suna a maƙwabta. Na yafe maka, kai ma ka yafe min mummunar fahimtar da na yi maka. Na so in rubuto tun tuni, na ga gara in bari sai ina da abin faɗa.

Na je Tudun Jukun. Malam Jafaru ne ya kai ni a babur, ya tsaya a shagon Malam Salmanu, ni na shiga ciki. Mahaifiyarta ta shimfiɗa min tabarma tana ta murna wai mai rediyo ta zo gidansu. Siddiƙa tana tsintar wake a tire. Tun daga sallamata na ga hannunta ya tsaya.

Na faɗa mata komai a gaban mahaifiyarta. Na ce lissafinta na bango huɗu shi ne daidai, ni ce ban sani ba, kuma na ji kunyar in ce ban sani ba. Na ce ta yafe min.

Ta ture tiren waken gefe. Can ta ce, “Na sani, Malama. Da muka dawo gida na sake zagaye ɗakin.”

Na ce to me ya hana ta faɗa wa Malam Kailani, ko ta koma makaranta?

Ta ce, “In ce me? In ce mai rediyo ce ta yi kuskure, ni makauniya ce na yi daidai? Wa zai yarda?” Sannan ta ce, “Ni ba haƙuri nake so ki ba ni a tsakar gidanmu ba. Nan babu wanda ya ce min Allah sarki.”

Mahaifiyarta ta daka mata tsawa wai ba ta da kunya. Na ce ta ƙyale ta, gaskiya ta faɗa.

Ranar taron iyaye na je. Ba a gayyace ni ba, na nemi shugabar makarantar ta ba ni dama, ta ba ni tana zaton jawabin ƙarfafa gwiwa zan yi. Uzairu, shekara nawa ina magana dubban mutane suna ji, ban taɓa tsayawa gabansu ido da ido ba sai ranar. A rediyo ba ka ganin idon kowa. Na ce musu amsar da Siddiƙa ta bayar a gasa tawa ce, ba tata ba. Na maimaita tambayar da ta yi min da amsar da na ba ta, kalma da kalma, na ce shugabar makaranta tana tsaye a wurin, za ta iya tunawa. Na ga ta sunkuyar da kai. Malam Kailani ya tashi ya ce shi ma ya bar wa na'ura aikin da yake nasa, bai zauna ya saurara tare da su ba. Ya karanta takardar da ka rubuta wa shugabar.

Ba kowa ne ya ji daɗi ba. Wani uba ya ce an mayar da 'ya'yansu abin gwaji, ya ce ɗansa ba zai ƙara sa abin nan a kunne ba, kuma har yau bai bari ba. Ban ga laifinsa ba. Wata mata ta ce min a bakin ƙofa, “Ashe ku ma na rediyo haka kuke.” Labarin ya riga ni isa wurin aiki. Amma Malam Salmanu ya miƙe ya ce shi tela ne, ya san in aka yanka yadi ba daidai ba ba a daina ɗinki, sake aunawa ake yi. Ya ce 'yarsa za ta koma, kuma lissafi za ta yi. Shugabar ta yarda a sake gwadawa na zango ɗaya, da sharaɗin kowane darasi sai yaran sun saurara tare da malami kafin a bar musu shi.

Sababbin takardun da ka turo sun iso, waɗanda ka rubuta “buɗe baka” da “rufe baka” da kalmomi. Yaran sun ce ya yi tsawo. Su suka zaɓi a riƙa cewa “a haɗa waɗannan tukuna”, in an gama a ce “shi ke nan, duka”. Malam Kailani ya ce in gaya maka ka gyara sauran haka.

Na ji ka tambaye shi ko zan sake karantawa. Na so in yi, ba zan ɓoye maka ba. Amma da aka tambayi ajin, Siddiƙa ta ce in ta ji muryata a kunne gabanta faɗuwa yake yi, ba ta iya bin lissafin. Don haka Malam Kailani ne ke karantawa, da muryarsa mai kama da ta mai mura. Ni nake kai shi ɗakin ɗaukar murya ranar Asabar, in nuna masa nisan da zai ba makirfo, in zauna a gefe. In ya ja numfashi a inda bai dace ba, ni nake fara ji.

Siddiƙa ta koma makaranta. In mun haɗu tana amsa gaisuwata, ba ta ƙara komai, ni ma ba na neman ƙari. Makon jiya ta sa Malam Kailani ya rubuta sunanta a gasar baɗi. Sai ta aiko shi da saƙo gare ni: tana roƙon kada in zo zauren ranar.

Na ce ya gaya mata ba zan zo ba. Kai ka yi mata addu'a daga can, ni ma daga gida zan yi tawa.

Inna da Malam Jafaru suna gaishe ka. Allah Ya dawo mana da kai lafiya.

Yayarka,
Ummuhani.